Tambaya da Amsa: Tsofaffin mujallun jaruman Amurka a harshen Faransanci

Wasiƙun wannan fitowar sun karkata ne kan abu guda: tsofaffin mujallun labarin zane na jaruman Amurka, irin su Spider-Man da Superman, waɗanda aka fassara aka buga a Faransa tsakanin shekarun 1960 da na 1980. Mun miƙa tambayoyin ga masu tara irin waɗannan mujallu da kuma masu gyaran tsofaffin takardu, ga abin da suka ce.

Assalamu alaikum. Na sayi kwali guda na wata mujalla mai suna Strange a wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Ta yaya zan san shekarar kowace, da wanda ya buga ta, da ko tana da wata daraja? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Wa alaikumus salam, Malam. Lissafin Strange mai sauƙi ne, domin wata-wata take fitowa, kuma ta ɗauki shekaru ba ta yi fashi ba. Lamba ta 1 ta fito a watan Janairun 1970. Ka ɗauki lambar da ke bangon taka, ka cire ɗaya, ka raba da 12. Abin da ya fito ka tara shi da 1970, shekarar ke nan. Ragowar ka ƙara mata ɗaya, watan ke nan. Misali lamba 150: cire ɗaya, saura 149; raba da 12, an sami 12 da ragowar 5. Shekara 1982, wata na shida, wato Yuni. Lamba 100 ta faɗa Afrilun 1978, lamba 200 kuma Agustan 1986. Wannan lissafi yana aiki har lamba 324, ta Disamban 1996. Daga nan jaruman kamfanin Marvel suka bar mujallar, aka cika ta da na kamfanin DC, ba ta kuma daɗe ba ta mutu.

Don ka tabbatar, nemi ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin ƙarshe ko cikin bango. Za ka ga kalmomin "dépôt légal" tare da shekara, da sunan maɗaba'a, da adireshin mai bugawa. In ka ga Éditions Lug, a birnin Lyon, ainihin gidan ke nan, wanda Marcel Navarro da Auguste Vistel suka kafa a 1950. In ka ga Semic, to daga 1989 ne zuwa sama, bayan wannan kamfani na ƙasar Suwidin ya sayi Lug. Sunan Lug ba baƙo ba ne ga dattawan da suka yi karatu a Nijar ko Kamaru, don gidan ne ya riƙa buga Zembla da Blek, waɗanda suka karaɗe ƙasashen da Faransa ta raina.

Batun daraja kuwa, kada ka sa rai da yawa kafin ka duba lambobin. Waɗanda masu tarawa ke nema ido rufe kaɗan ne: mujallar Fantask, wadda ta yi fitowa bakwai kacal a 1969, mujallar da Lug ta sa wa suna Marvel, mai fitowa 13 daga 1970 zuwa 1971, sai Strange daga lamba 1 zuwa 10. Goman nan ƙanana ne, kimanin santimita 13 a 18, kuma launi biyu ne kawai a cikinsu. Daga lamba 11 aka faɗaɗa ta zuwa kimanin 17 a 24 aka cika launi. Na shekarun 1980 an buga su da yawa ƙwarai, har yau suna nan jibge a Faransa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Abubuwa uku ke karya farashi ko da lambar mai kyau ce. Na farko, babban hoton da ake liƙawa a tsakiyar wasu fitowar: yara kan cire shi su manna a bango, kuma mujallar da ta rasa shi ta ragu sosai. Na biyu, rubutu da biro, ko yanke takardar yin odar mujalla daga wani shafi. Na uku shi ne wanda ya fi ruɗar sababbin shiga. Kwafin da suka yi kwantai a kasuwa, kamfani kan kwaso su ya haɗa uku-uku, ya manne da gam, ya sa musu sabon bango, ya sake sayarwa da sunan "album relié". Wasu 'yan kasuwa kan ɓalle irin wannan kundi su sayar da kowace daban. Za ka gane su da busasshen gam a gadon bayan mujallar, da kuma gefen shafuka da aka datse, har wani lokaci yankan ya ci lambar shafi. In ka aza ta kan wata da ba a taɓa ba, za ka ga ta gaza da 'yan milimita.

Masu sayarwa a Faransa suna rubuta TBE ga mai kyau sosai, BE ga mai dama-dama. Akwai kuma kundin farashi da ake kira BDM da suke dubawa. Amma farashin kundi na kwafin da bai sha rana da ƙura ba ne.

Ina karatun Faransanci a jami'a. Na kwatanta wani labarin Daredevil na cikin Strange da asalinsa na Ingilishi, sai na ga babu wasu zane-zanen, wani shafin ma gaba ɗaya babu shi. Ko jabu aka sayar mini? Daga wata ɗaliba a Kano.

Ba jabu ba ce, Malama. Haka ta fito daga maɗaba'a, kuma da gangan aka yi.

Tushen abin wata doka ce ta Faransa, mai lamba 49-956, ta ranar 16 ga Yulin 1949, a kan duk abin da ake bugawa domin yara da matasa. In kin duba ƙananan rubutun mujallarki za ki ga an ambace ta. Dokar ta hana a nuna fashi, ƙarya, sata, lalaci, ragwantaka, ƙiyayya ko fasiƙanci ta hanyar da za ta ƙawata su ga yaro. Ta kuma kafa wata hukumar sa ido a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, wadda ke karanta abin da aka buga ta ba da shawara. Hukumar ba ta tace abu kafin a buga shi. Bayan ya fito take magana, amma maganarta kan kai ga ministan cikin gida ya hana sayar da mujalla ga wanda bai kai shekara 18 ba. Mujallar da yara ne kasuwarta, in an yi mata haka ai an yi mata jana'iza.

Lug ta ɗanɗana wannan sau biyu. Fantask, wadda ta fara kawo Fantastic Four da Silver Surfer da Spider-Man a 1969, hukumar ta yi tir da ita saboda dodanni da faɗace-faɗace da launuka masu zafi, kamfanin ya rufe ta bayan fitowa bakwai. Shi ya sa Strange ta fara da ƙaramin jiki da launi biyu, don kada ta ja ido. Sai mujallar Marvel, ita kuma aka hana sayar da ita ga yara a 1971. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daga nan Lug ta riƙa tace kanta da kanta, ta ajiye masu zane a ofishinta waɗanda aikinsu shi ne gyara shafukan Amurka kafin su tafi maɗaba'a.

Yadda suke yi: a shafe abin da ba a so da farin fenti a kan kwafin shafin, a sake zana abin da ya kamata ya kasance a bayansa. Abin da aka fi shafewa shi ne manyan haruffan ƙarar duka da fashewa, da layukan da ke nuna saurin naushi, da wuƙa da bindiga, da jini, da haƙoran dodo da faratansa. Fuskar da ta cika muni a sassauta ta. In gidan zane ɗaya, wato ɗaya daga cikin akwatunan hoton da ke shafin, ya gagari gyara, a cire shi, a ja na kusa da shi ya cike gurbin. In faɗan ya yi tsawo, a zare shafin ɗungurungum, a ƙara jimla ɗaya a shafi na gaba don ta ɗinke labarin. Labarun Daredevil na zamanin mai zane Frank Miller, a farkon shekarun 1980, suna cikin waɗanda suka fi shan almakashi, don haka kin faɗa kan misali mai kyau.

Ko babu asalin a hannunki, za ki iya kama gyaran. Duba hannun da ya dunƙule kamar yana riƙe da wani abu alhali babu komai a ciki. Duba mutumin da ke faɗuwa da baya ba tare da an ga abin da ya buge shi ba. Duba bayan zane da ya zama fili fetal da launi ɗaya, a shafin da sauran gidajensa ke cike da gine-gine. Gefen gidan da aka ja, zanensa kan fi na tsakiya rauni, don wani hannu ne ya ƙarasa shi. Sannan ki ƙirga shafuka. Labarin Marvel na tsakiyar shekarun 1960 yakan kai shafi 20, na ƙarshen shekarun 1970 shafi 17, na shekarun 1980 kuma 22. In naki ya gaza haka, an zare wani abu.

Ra'ayinmu shi ne, ga mai nazarin fassara wannan naƙasa ita ce ribar. Shafin Lug yana nuna miki abin da hukumomin Faransa na wancan zamani ke tsoron yaro ya gani. Sai dai kada ki kafa hujja da shi a kan salon mai zanen Amurka, don ba duk layin da ke shafin ne nasa ba.

Ina da wasu ƙanana, baƙi da fari, masu kauri, an rubuta Comics Pocket a kansu, an kuma ce na manya ne. Zanen a matse yake, labarin kuma ba ya bin juna. Su ma na Lug ne? Daga Garwa, Kamaru.

A'a, ɗan'uwa. Waɗannan na gidan Arédit ne, da ke garin Tourcoing a arewacin Faransa, wanda asalin sunansa Artima, kuma ya koma amfani da sunan a kan wasu littattafansa daga baya. Su wata dabara suka bi: maimakon su yi ta kokawa da hukumar yara, sai suka rubuta a bango cewa na manya ne. Ta haka suka buga labarun Marvel da na DC a mujallu irin su Étranges Aventures, Aventures Fiction, Eclipso da Vengeur.

Matsalar da ka gani daga girman takarda ta taso. Shafin Amurka kimanin santimita 17 ne a 26, galibi da gidajen zane biyar zuwa tara. Na aljihu kuwa 13 a 18 ne. In an ƙanƙantar da shafin yadda yake, rubutun ba zai karantu ba. Sai su yayyanka shi gida-gida, su sake jerawa biyu ko uku ko huɗu a kowane shafi, su datse wanda ya yi faɗi, su ƙara zane a gefen wanda ya gaza. Shafi ɗaya ya koma biyu ko uku. Abin da ke lalacewa shi ne tsarin mai zane, musamman irin na Jack Kirby, wanda ke gina shafi don ido ya gangara daga wannan motsi zuwa wancan. Ga kuma rubutun na'ura da suke cusawa a da'irar magana, maimakon rubutun hannu. Rashin bin juna kuma, ba su damu da jeranta fitowar Amurka bi da bi ba: jarumi kan fara a wannan mujalla, ci gabansa ya ɓulla a wata.

In kana son na wannan gida da ba a yayyanka ba, nemi jerin Artima Color na wajajen 1980, masu launi da cikakken shafi. Gidan ya daina aiki a 1987. Superman da Batman kuma, galibinsu a wancan zamani wani gida ne dabam ya buga su, Sagédition a Paris.

Me ya sa ake kiran Wolverine da suna Serval a tsofaffin mujallun? Daga wani matashi a Yamai.

Dabbar da ake kira da wancan suna a Ingilishi tana zaune ne a dazuzzukan ƙanƙara na arewacin duniya, kuma sunanta a Faransanci "glouton", kalmar da ke nufin mai haɗama, acici. Jarumi ba ya shiga kasuwa da irin wannan suna. Sai Lug ta ɗauko serval, wata kyanwar dajin Afirka mai dogayen ƙafafu da ɗigo-ɗigo a jiki. Dabbobin biyu ba su haɗa komai ba sai farata, amma sunan ya zauna a bakin masu karatu shekara da shekaru.

Ba shi kaɗai ba ne. Don neman labari a tsofaffin mujallu dole ka san sunayen Faransa: Nightcrawler shi ne Diablo, Storm ita ce Tornade, Rogue kuma Malicia. Doctor Doom ya koma Docteur Fatalis, Green Goblin ya zama le Bouffon vert, Kingpin le Caïd, Avengers kuma les Vengeurs. Spider-Man kansa an daɗe ana ce masa l'Araignée. Al'adar ta girmi Lug: a 1939 Superman ya shiga Faransa da suna Yordi, a mujallar Spirou ta Beljiyam kuma aka kira shi Marc. Bugun zamani ya mayar da sunaye da dama zuwa na asali, shi ya sa uba da ɗa kan yi gardama a kan jarumi ɗaya.

Nawa sun fara ja, wayar da ta ɗinke tsakiyarsu ta yi tsatsa, gara kuma ta taɓa biyu. Na liƙe wasu da salatif. Me ya kamata in yi? Daga wani dattijo a Damagaram.

Ranka ya daɗe, a fara da dakatar da salatif. Gam ɗinsa yana narkewa da zafi, ya ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Wanda ya riga ya bushe yana ɗagowa da kansa, a zare shi a hankali. Wanda ya kama gam-gam a bar shi, fizgarsa za ta tafi da zanen.

Jan da suke yi daga takardar ne. Mai araha ce, ta itacen da aka niƙa, tana da sinadarin da ke zama tsami in ya haɗu da haske da zafi. Ba a mayar da ita fara, sai dai a rage saurin lalacewar. Ga yadda za a bi da su:

Waɗanda gara ta taɓa a ware su nan take. A kakkaɓe ƙasar da burushi mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe. A sa kowace a leda, a matse iskar, a ɗaure sosai, a ajiye a firiza mai sanyin 18 ƙasa da sifili har mako guda. Wannan na kashe ƙwari da ƙwayayensu, amma sai firizar da wuta ba ta yanke mata, don narkewa da sake daskarewa na jiƙa takarda. In an fitar, kada a buɗe ledar sai ta kwana guda a ɗaki, raɓar ta taru a bayan leda maimakon jikin mujallar. A kuma bincika inda aka ajiye su da farko, don gara daga ƙasa ko bango take zuwa.

Wayar da ta yi tsatsa tana cin takardar da ke kewaye da ita, har shafin tsakiya ya ɓalle. A buɗe mujallar a tsakiya a kan tebur, a ɗaga ƙafafun wayar biyu da bakin wuƙa marar kaifi, a juya, a zaro ta ta baya. A goge garin tsatsar da busasshen burushi, ban da ruwa. Sannan a ɗinke da zaren auduga fari ta ramukan da suke nan, kada a huda sababbi, kada kuma a ja zaren da ƙarfi. Sai dai a sani, masu tarawa suna ɗaukar wannan a matsayin gyara, kuma dole a faɗa wa mai saye. In lamba ce mai tsada kuma tsatsar kaɗan ce, gara a bar ta a nisanta ta da danshi.

Yagewa ana gyara ta da kunun sitacin alkama: awo ɗaya na sitaci, awo biyar na ruwa mai tsabta, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa kamar minti 20 har ya yi sheƙi. A bar shi ya huce, a tace da ƙyalle, a sirka da ruwa har ya yi kaurin koko. A yago siririyar takarda mai ƙarfi, irin ta Japan da masu gyaran littattafai ke amfani da ita, faɗinta bai wuce rabin santimita ba. A yaga ta da hannu, don bakin almakashi kan bar layi. A shafa kunun kaɗan a jikinta, a aza kan yagewar, a rufe da takarda mai santsi da ba ta kamawa, a ɗora mai shan ruwa, a danne da littafi mai nauyi har ya bushe. Kuskuren da aka fi yi shi ne yawan kunu: shafin ya kumbura, launi ya zuba. Amfanin wannan kunu, in an yi kuskure ɗan danshi na sake shi. Ba ya wuce kwana uku ko huɗu a firji kafin ya lalace.

Wajen ajiya, kowace ta samu ledarta, da kwali marar tsami a bayanta. A guji leda mai taushi mai warin roba, irin ta PVC, tana manne wa bango ta ɗebe launi. A jera su a tsaye cikin akwati, ba a matse ba, ko a kwance kada tarin ya wuce goma sha biyar, ana juya gadon baya hagu da dama don kada tarin ya karkace. Akwatin ya hau kanta, aƙalla taƙi ɗaya daga ƙasa, kada ya jingina da bango, kada kuma ya kwana a ɗakin da kwano ke gasawa. Takarda ta fi son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Da damina a sa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, a riƙa shanya su ana mayarwa. Da hunturu akasin haka ne, takarda kan bushe ta yi ƙarau, sai a rage buɗe su, in an buɗe kuma kada a shimfiɗe su har gadon baya ya karye.

In funfuna ta kama wata, a shanya ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a buɗe kamar fanka, sai ta bushe sarai a share a waje, da takunkumi a hanci.

Ina son in karanta waɗannan tsofaffin labaru da Faransanci, cikakku, ba masu gyara ba. Ina zan dosa? Daga wata malamar makaranta a Tawa.

Na Marvel, kamfanin Panini ne ke riƙe da su a Faransa tun 1997, kuma yana da jerin kundaye masu suna L'Intégrale, inda ake tara labarun jarumi ɗaya shekara-shekara, da cikakkun shafuka. Na DC kuma suna hannun Urban Comics tun 2012. Fassarar waɗannan sau da yawa ba ita ce ta tsofaffin mujallun ba, don haka in kwatanci kike so, ki riƙe duka biyun. Don gano wace fitowar Amurka ce ke cikin wace lambar Strange ko ta sauran mujallun Lug irin su Nova da Titans, shafin intanet na ComicsVF ya jera su lamba-lamba.

In don koyar da yara ne, Malama, ki lura da abu biyu. Rubutun da'irar magana galibi da manyan haruffa ake yin sa, don haka yaro ba zai koyi inda ake sa babban harafi da ƙarami ba daga nan. Sannan jimlar Faransanci ta fi ta Ingilishi tsawo, da'irar kuma ba ta ƙaruwa, shi ya sa masu fassara ke datse magana su cika ta da karin maganar titi na zamaninsu. Ki fara karanta labarin ke kaɗai, ki fitar da irin waɗannan kalmomi a allo kafin ki raba wa aji.